Kuskure na Goma Sha Biyu

Salamu alaikum, masu bibiyata. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta tambaya ko rasuwa aka yi mana, tunda na yi kwana tara ban ce uffan ba. Lafiyar kowa ƙalau. Kunya ce kawai ta riƙe min hannu, yau ɗin ma sai da na goge farkon nan sau uku kafin na bar shi.

Wanda bai san ni ba, Wasila ce, 'yar Tudun Wada a Gusau, malamar kimiyyar halittu a wata makarantar 'yan mata. Mahadi kuwa, wanda kuka fi son jin labarinsa a kan nawa, ɗan Tsafe ne, yana aiki a wani ɗakin fassarar fina-finai kusa da tasha. Muryoyin nan da kuke ji Ba'indiye ko Bature yana zuba Hausa, to irin aikinsu ke nan. Shekararmu ɗaya da wata biyu tare, har an tsayar da Asabar ɗin ƙarshen wata manyansa su zo tambaya.

Ba da sauƙi aka kai nan ba. Baba hatsi yake saye a Magami da Wanke, mutum ne da in bai ga buhu a tsaye ba, bai yarda an yi aiki ba. Ranar da Inna ta fara kai masa zancen, cewa ya yi, "Mutum shi shige ɗaki shina yi ma Turawa baki, wannan ita ce sana'a?" Wata shida ina bin Inna, Inna tana bin Baba, kafin ya ce to.

Shekara uku Mahadi yana ƙananan muryoyi: direba, mai gadi, ɗan sandan da ake harbewa tun a minti na biyar. Sai a watan jiya mai ɗakin, wanda suke kira Oga, ya miƙa masa fim guda ya ce ya yi shi kaf shi kaɗai. Fim ne na kifin shak, ƙaton kifin tekun nan mai cin mutane. Kwana goma sha tara ya yi a kansa. Zance ma ya rage zuwa, in ya kira sai in ji muryarsa a dishe, ya ce min mura ce.

Ranar wata Asabar da hantsi ina wanki, saƙonsa ya shigo.

"Malamata, an gama. Daga ni sai Oga muka gani. Ke nake so ki fara kallo kafin a sake shi."

Na goge hannuna a zani na rubuta, "Kawo mu gani ko ka ci jarrabawa."

"Ki dai yi min sassauci wajen maki."

Bayan azahar ya zo. Sabuwar shadda ruwan toka ce a jikinsa, ko karin guga bai sake ta ba, da hular da ba ya sawa sai Juma'a. Ni ma na sa atamfata mai ganyen shuɗi, na yafa farin mayafi, na same shi a zaure. Ko zama bai yi ba. Ya ciro ɗan fulas ɗin da aka tura fim ɗin a ciki daga aljihun gaba, an naɗe shi a takarda kamar laya, ya sa min a tafin hannu.

"Ki kalla har ƙarshe fa."

"To, sarkin masu fassara."

Ya yi dariya ya hau babur ɗinsa.

Ni da Inna muka kalla a falo. Tana kan tabarma da faranti tana yanka kuɓewa, ni ina kan kujera da rimot. Labarin wasu mutum biyar ne da jirgin ruwansu ya lalace a tsakiyar teku, cikinsu har da wata likita da kifin ya yaga wa ƙafa. Gaskiya guda zan faɗa muku: Mahadi ya yi aiki. Murya biyar ya yi, ba wadda ta yi kama da wata. Tsohon matuƙin ma ya ba shi Hausar mutanen ƙauye, Inna tana ta ƙyaƙyata dariya tana cewa wannan ai ɗan uwanta ne na Nahuce.

Amma ni kun san halina, ko in ce yau za ku sani. Tun ina ƙarama idona ba ya wuce abin da ya karkace. In tela ya kauce da ɗinki ni zan fara gani, in mai wa'azi a rediyo ya yi tuntuɓen harshe ni zan fara ji. Kuma in na gani, sai na faɗa.

"Inna, dubi. Ɗazu a ƙafar hagu aka ɗaure mata bandeji, yanzu ya koma ta dama."

"Wayyo ɗiyar mutane," in ji Inna, idonta a kan talabijin. "Ja jikinki, ga shi nan tahe!"

"Kuma fa yanzu ta fito daga ruwa, gashinta a bushe kamar ta fito daga gidan kitso."

"Ke Wasila."

Can kifin ya taso ya wangale baki, sai ga wani irin ruri, gurrr, kamar zaki ya shiga rijiya. Inna ta saki wuƙa, kuɓewa ta watse. Ni kuwa dariya har da riƙe ciki.

"Inna, kifin shak ba shi da abin yin murya a maƙogwaro! Ba ya kuka, ba ya ruri!"

"To ke kin taɓa shiga tekun kinka ji shi shiru? Don Allah ki bar ni in ji tsorona."

Ana kashe kifin, mutanen suna rungumar juna, aka ɗauke wuta. Na ce ai an gama. Na zare fulas ɗin na jefa a jaka, na aika wa Mahadi, "Ka yi ƙoƙari, ma sha Allah," da hoton tafi guda biyu. Iyakar abin da na ce masa ke nan a kan aikin kwana goma sha tara.

Da a nan na tsaya da yanzu ba wannan labarin nake ba ku ba.

Ina da ƙawa, Balkisu, tun sakandare muke tare, ita ce nake wa surutun da ba na yi wa kowa. Ina tsaye a kicin ina jiran ruwan tuwo ya tafasa, na danna mata saƙon murya. Minti huɗu da daƙiƙa goma. Na ce mata na ƙirga kurakurai goma sha ɗaya. Na faɗi na bandejin da na gashin. Na faɗi yadda gilashin idon wani ya fashe, aka juyo da kyamara ya koma lafiya lau, da wayar da ta faɗa teku aka ciro ta aka yi kira da ita. Na ce rana tana faɗuwa a bayan matuƙi, amma in aka nuno wadda yake wa magana sai ka ga tsakar rana. Kifin nan wani lokacin ya kai tsawon tirela, wani lokacin bai fi kwalekwale ba. An nuna shi yana iyo da baya kamar mai koyon mota, alhali ba ya iyawa. Likitar ta ɗaga wani abu ta ce ƙashin haƙarƙarinsa ne, kifin da jikinsa guringuntsi ne. Mutum biyu suna hira a ƙarƙashin ruwa da bututun numfashi a bakinsu.

Duk wannan laifin masu fim ne, ba na Mahadi ba. Amma daɗin surutu ya ɗebe ni. Na kwaikwayi rurin nan sau uku, ina tsayawa ina dariya, na ce wanda ya sa shi ko akuya bai taɓa kiwo ba balle kifi. Na ce shi ma mai fassarar ya ce wai kifin ya taso shan iska, sai ka ce ɗan haya ya fito ƙofar gida. Sannan na rufe da kalmar da har yau nake nadamarta.

"Allah dai ya ba bawan Allahn nan aikin gaske."

Ruwan ya tafasa, na ajiye waya na kama talge.

Litinin aka saki fim ɗin. Ashe tun daren Asabar Balkisu ta tura muryata zauren WhatsApp na 'yan ajinmu, wai don su yi dariya. Daga nan wa ya san hannu nawa ta bi. Zuwa Laraba wani ya ɗora ta a TikTok, ya jera ta da guntayen fim ɗin, duk inda na faɗi kuskure sai ya nuna shi da jan da'ira. Ina shiga aji, wata ɗaliba daga baya ta yi "gurrr" a hankali, ajin ya fashe. A nan na sani.

Na kira Balkisu a ofishin malamai.

"Wallahi ban zaci za ta fita ba," in ji ta, tana shirin kuka. "Kuma ai ba ki ambaci sunansa ba."

Da wannan na riƙa lallashin kaina. Ban ambaci suna ba. Na kira Mahadi sau shida bai ɗaga ba. Na rubuta, "Wasa ne fa." Na goge. Na rubuta, "Ka kira ni don Allah." Shuɗin layi biyu ya nuna ya karanta. Shiru.

Alhamis da yamma ƙanwarsa Hussaina ta kira ni daga Tsafe. Yarinyar da kullum take ce min Anti, ranar ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Yaya yana gida tun jiya. Ya ce ba zai iya ratsa tasha ba. Duk inda ya bi 'yan kamasho da masu shayi sai su yi masa ruri, har suna sun sa masa, wai Zakin Ruwa."

"Hussaina, rurin ai na masu fim ne, ba shi nake nufi ba."



"Ba ki sani ba ke nan? A ainihin fim ɗin kifin shiru yake. Oga ne ya ce mutanenmu ba za su ji tsoron abin da ba ya kuka ba, dole a sa masa murya. Yaya ya ce masa ba ya yi, ya ce ko ya sa ko ya ba wani aikin. Da bakinsa ya yi shi, Anti. Kansa yake turawa cikin bokitin ƙarfe yana yi ana ɗauka, kwana huɗu, har muryarsa ta dishe. Iyarmu ce ta riƙa aika masa zuma da citta."

Na zauna a bakin gado. Murar da ya ce min yana yi ke nan.

"Shi Ogan fa? Ya kore shi?"

"Kora? Murna yake yi. Wai fim bai taɓa tafiya irin wannan ba, kowa so yake ya ga kurakuran da idonsa. Har cewa ya yi Yaya ya roƙe ki ki riƙa yi musu irin haka a kowane fim."

Wannan ya fi min ciwo a kan a ce korarsa aka yi.

Juma'a da safe ina shirin makaranta, ina ɗaura ɗankwali a gaban madubi, saƙonsa ya shigo. Na karanta shi ya fi sau talatin, don haka ga shi yadda yake:

"Salam Wasila. Na saurara. Duka goma sha ɗayan gaskiya ne, na shan iskar ma na karɓa, nawa ne. Amma akwai na goma sha biyu da ba ki gani ba, yana minti biyun ƙarshe. Shi ma nawa ne."

Wasila. Ba Malamata ba.

Na zazzage jaka na ciro fulas ɗin, na sa a talabijin ina tsaye da takalmi a ƙafa ɗaya. Na tura har inda aka ɗauke mana wuta. Mutanen suka gama rungumar juna, jirgin ceto ya zo, allo ya yi baƙi, sunayen Turawa suka fara hawa. Ina ta zare ido ina neman abin da ya karkace. Sai muryarsa ta fito, ba ta matuƙi ba, ba ta likita ba, tasa ta gaske, a dishe.

"Wanda ya fassara muku, naku Mahadi Tsafe. Wannan shi ne aikina na farko, na kuma sadaukar da shi ga Malama Wasila ta Tudun Wada, wadda ta yarda da ni tun ba wanda ya san muryata. Allah ya sa ta ji daɗinsa."

Na zauna a kan kafet. Wato duk wanda ya kalli fim ɗin nan har ƙarshe a Gusau, ya ji wannan, sannan ya ji ni ina roƙa masa aikin gaske. Ban ambaci sunansa ba, shi ya ambaci nawa. Kuma abin da yake kira kuskure ke nan.

A haka Inna ta same ni. Ta tsaya ta saurara na sake maido mata, sannan ta zauna a hannun kujera. Na zaci faɗa za ta yi. Da faɗan ta yi da ya fi min sauƙi.

"Ni dai na ji daɗin kallona," in ji ta. "Ke kina ta ƙirga, ni ina ta kallo. Wasila, wanda yak kawo maki tuwo da hannu biyu, ba a fara duba bakin kwano."

"Inna, ya zan yi?"

"Mi kinka ce mashi?"

"Na ce ya kira ni."

"Shi za shi kira ki? Ke kinka yi ɓarna, shi za shi biyo ki da tsintsiya?"

Ranar ban je makaranta ba. Na rubuta masa haƙuri mai tsawo, na karanta na ga rabinsa kare kai ne: ban san za ta fita ba, Balkisu ce, wasa ne. Na goge duka na bar layi biyu. "Na zalunce ka. Ka yafe min, ko ba za ka dawo ba." Ya karanta. Bai amsa ba.

Baba ma ya ji, wani abokin cinikinsa ne ya kunna masa a kasuwar hatsi. Da ya dawo bai ɗaga murya ba. Yana wanke hannu a bakin rariya ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Wata shida ana hana ni barci a kan yaron ga, ana ce min sana'a tai sana'a ce. Yau kuma na ji da bakinki kina nema mashi ta gaske. To wacce zan kama?"

Ya karɓi buta ya shige.

Jiya Lahadi, saura kwana shida ranar da aka sa, wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina shara a tsakar gida da tsohuwar doguwar riga, na ji mota ta tsaya. Na leƙa ta labulen zaure. Kawu Faruku ne, yayan mahaifiyar Mahadi da ke Bunguɗu, wanda shi ne zai jagoranci masu zuwa tambaya. Shi kaɗai ya fito. Ba goro, ba alewa, ba kowa a bayansa.

Sun fi rabin awa da Baba a ɗakin baƙi. Inna ta sa na canza kaya, ta zaɓo min hijabi mai ruwan ƙasa da kanta, ta ce in wanke fuskata. Can Baba ya ɗaga murya.

"Wasila! Taho. Baƙon ga ya ce ba wurina yaz zo ba, wurinki."

Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa na gaishe shi. Dattijo ne siriri mai farin gemu, ya amsa da fara'a har da tambayar ɗalibaina, abin da ya ƙara karya min gwiwa.

"Ɗiyata, ba faɗa ya kawo ni ba," in ji shi. "Yaron ya ce in faɗa maki ya yafe, tun shekaranjiya. Dariyar kifi ba komai ba ce, mu ma mun yi ta a gida. Amma ya ce kada in tara mutane ran Asabar sai na ji abu guda daga bakinki, gaban mahaifinki. Aikin ga shi ya iya, shi yake so, kuma ba shi da niyyar bari. Gobe in an nuna ki a biki an ce ga matar mai fassara, za ki ɗaga kai ko za ki sunkuyar? In kunyarsa kike ji, faɗi yanzu, ba wanda zai zarge ki. Gara a ji ciwo yau."

'Yan uwa, na so in ce a'a nan take. Kalmar tana kan harshena. Amma sai na tuna ranar da wata malama a makarantarmu ta tambaye ni aikin wanda zan aura, na ce mata yana harkar kwamfuta. Ba wanda ya san wannan sai ni da Allah, sai ku yanzu. Ba daɗin surutu ne kaɗai ya fitar da addu'ar nan daga bakina ba. Ta daɗe a ciki.

Ina son Mahadi, wannan ba na shakka. Amma dattijon ba shi ya tambaya ba.

Fanka tana juyawa a sama. Baba ya zuba min ido. Na ji motsin Inna a bayan labule. Kawu Faruku ya ciro wayarsa daga aljihu ya ajiye a kan tabarma tsakaninmu, sai na ga allon a kunne, daƙiƙu suna tafiya.

"Yana kan layi," in ji shi a hankali. "Ya ce wannan karon shi yake so ya fara ji, kafin gari ya ji."